Kakin Kullum ko na Ƙarshen Mako: Yadda Lissafin Ya Sauya a Sojan Amurka

A 1917, lokacin da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani manomi ɗan shekara 33 a jihar Missouri ya bar gona ya koma rundunar jiharsa, wadda ya taɓa yi wa aiki yana saurayi. Shekarunsa sun wuce na waɗanda doka ta tilasta wa sa kaki, ga shi kuma da raunin gani. Duk da haka ya je Faransa a matsayin kyaftin ɗin masu harba igwa. Da aka gama yaƙi ya buɗe kantin tufafi a Kansas City, kantin ya karye, amma bai ajiye kakin ba: ya ci gaba da zama cikin sojojin ko-ta-kwana har ya kai kanar. Wannan manomi shi ne Harry Truman, kuma shi ne shugaban ƙasar da ya sa hannu a dokar 1948 wadda ta ba sojan ko-ta-kwana damar samun fansho.

Har gobe magidanta irinsa na shiga ofisoshin ɗaukar soja a Amurka: direban babbar mota, malamar jinya, malamin makaranta da ya gaji da alli. Tambayarsu ɗaya ce. Su zama sojan dindindin, su miƙa rayuwa gaba ɗaya, ko su shiga ko-ta-kwana su riƙe sana'arsu? Sajen da ke bayan tebur yakan maimaita musu kalaman da aka daɗe ana talla da su: Asabar da Lahadi ɗaya a wata, mako biyu a shekara. Ba ƙarya yake yi ba, amma wanda ya san tarihin gidan ya san cewa wannan mafi ƙarancin abin da za a nema daga gare shi ne.

Tun asali don manya masu sana'a aka kafa tsarin. Rundunar ko-ta-kwana ta farko a hannun gwamnatin tarayya, wadda aka kafa a Afrilun 1908, ta likitoci ce zalla: suna aikinsu a gari, sai buƙata ta taso a kira su. Gefe guda kuma akwai dakarun jihohi da ake kira National Guard, waɗanda ke amsa umarnin gwamna a lokacin ambaliya ko tarzoma, su amsa na shugaban ƙasa a lokacin yaƙi.

Sunan da ko-ta-kwana ta yi na mafakar masu gudun yaƙi, daga zamanin Vietnam ya samo asali. A Yulin 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya ƙi kiran su, don kada ya tayar da ƙura a majalisa da cikin gari. Ya gwammace a ci gaba da kwasar samari ta hanyar tilas. In ban da ɗan kiran da aka yi a 1968, yawancinsu a gida suka ga ƙarshen yaƙin. Sai layi ya yi tsawo a ƙofar rundunonin jihohi, mai uwa a gindin murhu ya samu gurbi, ɗan talaka ya tafi daji. Sojojin dindindin suka riƙa yi musu kallon raini, suna kiran su mayaƙan ƙarshen mako.

Abin ya juya a 1973. A shekarar aka daina tilasta shiga soja, kuma ma'aikatar tsaro ta tabbatar da manufar ɗaukar dindindin da ko-ta-kwana a matsayin runduna guda. Janar Creighton Abrams, wanda ya jagoranci sojojin Amurka a Vietnam kafin ya zama babban hafsan sojan ƙasa, ya kwashe ɗimbin ayyukan da yaƙi ba ya yiwuwa sai da su, wato sufuri, tace ruwa, asibitocin fagen daga, gyaran hanya da gada, ya damƙa wa ko-ta-kwana. A bariki ana cewa da gangan ya yi, don kada wani shugaba ya sake tafiya babban yaƙi ba tare da ya taɓa kowane ƙauye ba. Ko mene ne nufinsa, sakamakon ke nan.

An gani a ƙasa a yaƙin Kuwait. An kira fiye da mutum 200,000. Cikinsu akwai wata ƙaramar ƙungiya ta masu tace ruwa daga Greensburg a jihar Pennsylvania, mutum 69, waɗanda suka sauka Saudiyya ranar 19 ga Fabrairun 1991. Bayan kwana shida, makami mai linzami na Iraƙi ya faɗa wa ɗakin ajiyar da suke kwana a Dhahran. Sojoji 28 suka mutu, 13 daga cikinsu 'yan wannan ƙungiya ne, wasu 43 nasu suka ji rauni. Ba wata ƙungiya a ɓangaren ƙawance da ta yi asara irin tasu a yaƙin, alhali 'yan makonni kafin nan suna wuraren aikinsu a gari.

Bayan 2001 kuwa kira ya zama ruwan dare. A 2005 kusan rabin birged-birged na yaƙi da Amurka ke da su a Iraƙi na dakarun jihohi ne. Wata birged daga Minnesota ta yi wata 22 ba ta gida, 16 daga ciki a Iraƙi. Da suka dawo a 2007, da yawansu suka tarar an rubuta kwana 729 a takardar kiransu, alhali sai da 730 ake samun cikakken tallafin karatu. Kwana ɗaya tak. Sai da aka yi ta kai ruwa rana kafin a gyara. Tsofaffin hannu na yawan ba sababbi wannan labari, domin a ko-ta-kwana haƙƙin mutum na rataye ne a kan abin da takarda ta ce. A Janairun shekarar ne sakataren tsaro Robert Gates ya ƙayyade kira zuwa wata 12, da burin a bar mutum shekara biyar a gida kafin a sake ɗaukar sa.

Ƙarancin masu shiga a waɗannan shekaru ne ya ƙara buɗe wa manya ƙofa. A 2006 sojan ƙasa ya ɗaga iyakar shekaru zuwa 42, ya mayar da ita 35 a 2011 da ƙura ta lafa. Sojan ruwa ya kai tasa 41 a 2022, na sama ya kai 42 a 2023. Baƙi ma an neme su. Mai katin zama na dindindin na iya shiga, kuma shirin MAVNI, wanda ya fara aiki a 2009, ya ɗauki har marasa katin idan likitoci ne ko suna jin wani harshe da ake buƙata. Hausa na cikin jerin harsunan. An dakatar da shirin a 2016, kuma waɗanda suka riga suka sa hannu ba su tafi horo ba sun sha zaman jiran binciken tsaro, wasu takardun zamansu na ƙarewa a hannu.

To, ina magidanci zai dosa? Horon kurtu ɗaya ne ga kowa, mako goma a sojan ƙasa, kuma ɗan shekara 34 zai ji tsawar saje da ya girme wa da shekara goma. Alkawarin farko ma ɗaya ne, shekara takwas, ko da an yi wani ɓangarensa a jerin masu jiran kira. Daga nan hanya ta rabu.

Sojan dindindin na da albashi duk wata, alawus na gida idan yana da iyali, magani kyauta, hutun kwana 30 a shekara. Abin da ya bayar shi ne zaɓi: duk shekara biyu ko uku a ce ya tattara, matarsa ta bar aikinta, yara su sauya makaranta. Idan ya cika shekara 20, fanshonsa na fara shigowa nan take, kashi 40 cikin 100 na ainihin albashi a tsarin da ya fara aiki a 2018.

Na ko-ta-kwana kuwa maki yake tarawa. Atisayen Asabar da Lahadi ana biyan sa kuɗin kwana huɗu, ana kuma rubuta masa maki huɗu. Sai ya samu maki 50 kafin a ƙirga masa shekarar. Wanda ya yi shekara 20 ba a taɓa kiran sa ba, fanshonsa ba zai kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma sai ya cika shekara 60 zai fara karɓa, sai dai idan kiran da aka yi masa ya rage masa jira. Inshorar lafiya akwai, amma shi ke biyan wani abu duk wata. Dokar 1994 ta tilasta wa mai kamfani ya mayar da shi gurbinsa idan ya dawo, wanda babban abu ne ga ɗan sanda ko ma'aikacin banki. Amma mai tasi ko mai shagon kansa, wa dokar za ta tilasta wa? Kwastomomi ba sa jiran wata 12. Nan ne ake gane wahalar tauna taura biyu a baki ɗaya, kuma yawanci matar gida ce ke ɗaukar nauyin da ya rage.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce bari a ɗanɗana ko-ta-kwana tukuna, in ya yi daɗi a koma dindindin. Komawar ba a hannun mutum take ba. Sai kwamandojinsa sun sa hannu a takardar sallama mai lamba 368, kuma ƙungiyar da ke ƙarancin mutane ba ta saurin sakin nata.

Wanda ke da sana'a mai ƙarfi da gida da ya kafu, yana son ya bauta wa ƙasa ya kuma ƙaro ƙwarewa, ko-ta-kwana ta dace da shi, muddin shi da iyalinsa sun shirya wa shekara guda ta rabuwa tun kafin a kira. Wanda kuwa aikinsa ne ya mutu, yana neman sabon abin riƙe gida, ya tafi dindindin kai tsaye. Kuɗin atisayen ƙarshen mako ga sabon shiga 'yan ɗaruruwan daloli ne a wata, ba za su biya ko kuɗin haya ba.