'YAN MAZAN JIYA DA KAFUWAR IKKILISIYA A JEGA, ALIERO DA MAIYAMA

Yayin da muke murnar cika shekara 50, ya wajaba mu tuna da waɗansu bayin Allah da ba a cika ambatonsu ba, wato tsofaffin sojoji.

Tun zamanin Turawa, Hausa ce harshen bariki a rundunar sojan Nijeriya. Saurayi daga ƙasar Zuru, ko Filato, ko kudancin Zariya, in ya shiga soja sai ya koyi Hausa, wani ma har da karatu da rubutu. An kuwa buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Saboda haka mutanen da harsunansu na gida suka bambanta suka iya yin sujada tare. A Yaƙin Duniya na Biyu an kai waɗansu Habasha a 1941, waɗansu kuma ƙasar Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yi yaƙi har 1945.

Amma waɗanda suka fi shafar tarihinmu su ne na yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Kafin yaƙin sojan ƙasar nan wajen 10,000 ne, a ƙarshensa sun kai kimanin 250,000. Da gwamnati ta shiga rage su, ba kowa ne ya koma ƙauyensu ba. Waɗansu suka bi babbar hanyar Sakkwato zuwa Yawuri suna neman abinci. Kasuwar Jega ta riƙe direbobi da makanikai, Aliero da albasarta ta ja masu lodi, a Maiyama kuma aka sami gona da aikin gadi.

Baƙi ne a tsakiyar Musulmi, a ƙasar Gwandu, ba su da fili, ba su da fasto. Dattawanmu sun shaida cewa a ɗakin haya aka fara taron addu'a. Tsohon soja ya saba gaida na gaba, ya san yadda ake zuwa ƙofar hakimi a nemi wuri cikin ladabi, shi ya sa akan tura su. Su ne masu buga ƙararrawa, masu tsare ƙofa, masu koya wa yara maci. (Wanda ya taɓa makara a zamaninsu bai manta kallon da aka yi masa ba.) Ba mu ce waliyyai ba ne. Akwai waɗanda yaƙi ya bar musu ciwo a zuciya, akwai waɗanda jiran fansho ya tsufar da su, ikkilisiya kuwa ba kullum ta lura ba.

Yawancinsu sun huta, matansu kaɗan ne suka rage a zumuntar mata. Muna roƙon duk iyalin da ke da hoto, ko lambar yabo, ko takardar sallama ta mahaifinsu, su kawo wa sakataren ikkilisiya kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, domin a rubuta sunayensu a littafin ikkilisiya.