Sandar Girma: shirin Yakubu Musa Fagge da shari'ar 2013

Sandar Girma shiri ne na Hausa da gidan rediyon Wazobia FM na Kano ya riƙa watsawa, ɗan jarida Yakubu Musa Fagge kuma shi ne mai gabatar da shi. Sunan shirin ya fita wajen Najeriya a watan Fabrairun 2013, lokacin da 'yan sanda suka danganta shi da kisan ma'aikatan rigakafin shan inna a Kano, aka gurfanar da mai gabatarwar a kotu, aka kuma dakatar da lasisin gidan rediyon.

Irin wannan shiri ɗan zamanin rediyo mai zaman kansa ne. Kafin dokar 1992 da ta kafa Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, gwamnati ce kaɗai ke da gidan rediyo a Najeriya, kuma mai gabatar da shiri ma'aikacinta ne. Da aka buɗe Freedom Radio a Kano a 2003, shirye-shirye irin su Kowane Gauta da Inda Ranka suka saba wa jama'a da jin ana ambaton mai mulki da sunansa ana ƙalubalantarsa. A wannan fage Sandar Girma ya samu masu sauraro. Salonsa shi ne a ɗauko koken talaka, a faɗe shi ba sakaye, mai gabatarwa kuma ya fito fili ya nuna ɓangaren da yake.

A farkon Fabrairun 2013 jami'an rigakafi suka je gidan Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, tsohon shugaban Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau. Ya ƙi yarda a ɗiga wa 'ya'yansa maganin, aka yi sa-in-sa, wakilin Wazobia Mubarak Muhammad Sani yana wurin yana ɗaukar sauti. Ranar 6 ga wata Fagge ya kawo maganar cikin shirinsa. Ya soki yadda ake tilasta wa iyaye, shirin kuma ya sake tado tsohon shakkun da ake yi wa rigakafin.

Wannan shakku yana da tushe a Kano, kuma duk mai son fahimtar abin da ya biyo baya sai ya san shi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na birnin, 11 daga cikin yaran da aka yi gwajin da su suka rasu. A 2003 gwamnatin jihar ta dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin cewa an sa masa abin hana haihuwa, ba a dawo da shi ba sai a watan Yulin 2004. Gwaje-gwaje ba su tabbatar da zargin ba, amma a tsakanin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Kwana biyu bayan shirin, ranar Juma'a 8 ga Fabrairu, 'yan bindiga suka kai hari kan wuraren rigakafi biyu, a Hotoro da yankin Unguwa Uku, suka kashe ma'aikata tara, mata. Babu ƙungiyar da ta ɗauki alhaki, ko da yake an fi zargin Boko Haram, wadda ta addabi birnin tun harin 20 ga Janairun 2012. Watanni biyu kafin nan an yi irin wannan kisa a Pakistan.

Kwamishinan 'yan sandan jihar na lokacin, Ibrahim Idris, ya ce shirin ne ya tunzura jama'a. Aka kama Fagge da Mubarak, aka gurfanar da su tare da Rabo a kotun majistare bisa tuhumar haɗa baki, tunzura jama'a, ɓata suna da hana ma'aikacin gwamnati aikinsa. Tuhumar kisa ba ta ciki. An ba da belinsu bayan 'yan kwanaki. Kafin watan ya ƙare NBC ta dakatar da lasisin Wazobia Kano, daga baya ta janye. Ƙungiyar kare 'yan jarida ta duniya, CPJ, ta nemi a yi watsi da tuhumar.

Ra'ayi ya rabu biyu a kan lamarin, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba a ture ta. Abu ne mai wuyar yarda a ce mutanen da suka tanadi bindiga suka san wuraren da za su kai hari sai da suka jira shirin rediyo. Kama mai magana ya fi kama mai bindiga sauƙi, kuma ƙorafin tilastawa ƙorafi ne na gaske da iyaye da yawa suke da shi. Amma a Arewa rediyo ita ce jaridar mai shago da matar kulle da direban mota, abin da aka ji a cikinta ana ɗaukarsa tabbas. Mai riƙe da makirufo a gari irin Kano ta 2013, ya sake buɗe zancen da bincike ya riga ya kore, ya sa matan da ke bin gida-gida da ɗigon magani cikin ƙarin haɗari, ko da bai yi nufin haka ba. Najeriya ta samu yara 122 da cutar shan inna ta kama a 2012. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da nau'in cutar na daji.

Takun-saƙa tsakanin NBC da shirye-shirye masu zafin harshe bai tsaya a nan ba. A 2021 hukumar ta dakatar da Human Rights Radio na Abuja kwana 30, bayan BBC ta nuna Ahmed Isah na shirin Brekete yana marin wata mata da ake zargi da ƙona yarinya. A farkon 2022 ta dakatar da shirin Idon Mikiya na Vision FM saboda tattaunawa kan shugabancin hukumar leƙen asiri ta NIA. A watan Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa NBC ba kotu ba ce, don haka ba ta da hurumin cin gidajen rediyo da talabijin tara.