Majami'u da Siyasa a Amurka: Yadda Ɗariƙa Ke Shafar Ƙuri'a

Gyaran fuska na farko da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 ya hana majalisar dokoki kafa addinin ƙasa, ya kuma hana ta tauye 'yancin yin ibada. Duk da haka, majami'ar da Ba'amurke yake zuwa ranar Lahadi tana daga cikin manyan alamun da masana ke dubawa domin gane jam'iyyar da zai zaɓa.

Abin da doka ta tanada

A 1954 Sanata Lyndon Johnson, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya shigar da wani sashe a dokar haraji. Sashen ya haramta wa majami'u da sauran ƙungiyoyin da aka yafe wa haraji goyon bayan ɗan takara ko yaƙarsa. Bai hana fasto wa'azi a kan talauci ko yaƙi ko zubar da ciki ba, kuma ta wannan ƙofa ce siyasa ta fi shiga majami'a.

Fararen fata 'yan Ibanjelika

Wannan rukuni shi ne ginshiƙin jam'iyyar Republican a yau, amma a da ba haka lamarin yake ba. A 1976 da yawansu sun zaɓi Jimmy Carter na jam'iyyar Democrat, mabiyin ɗariƙar Baftis daga jihar Jojiya. Hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli ne suka taimaka wajen sauya alƙiblarsu: na 1962 da ya hana addu'ar da hukuma ke tsarawa a makarantun gwamnati, da na 1973 da ya halatta zubar da ciki a faɗin ƙasar. A 1979 Rabaran Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority, wadda ta yi wa Ronald Reagan gangami a zaɓen 1980.

A 2016 kimanin kashi 80 cikin ɗari na masu zaɓe daga wannan rukuni sun bai wa Donald Trump ƙuri'unsu. Shi kuma ya naɗa alƙalai uku a Kotun Ƙoli, kuma da ƙuri'unsu aka soke hukuncin 1973 a watan Yunin 2022.

Majami'un baƙaƙen fata

Ta fuskar aƙida, yawancin waɗannan majami'u ba su da nisa da na fararen fata 'yan Ibanjelika, amma tarihi ya raba musu hanya. Wariyar launin fata ce ta sa Richard Allen ya kafa ɗariƙar AME a Filadelfiya a 1816, yayin da 'yan Baftis na kudu suka ɓalle a 1845 a kan batun mallakar bayi. Daga majami'un baƙaƙen fata ne gwagwarmayar neman 'yanci ta su Martin Luther King ta samu jagorori da wuraren taro. Tun bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964, mafi rinjayen mabiyansu Democrat suke zaɓa. Raphael Warnock, faston Majami'ar Baftis ta Ebenezer da ke Atlanta, inda King ya yi wa'azi, ya ci kujerar sanata a 2021.

Mabiya Katolika

Sun mara wa John Kennedy baya da gagarumin rinjaye a 1960, amma a 2020 ƙuri'unsu sun rabu kusan gida biyu, duk da cewa Joe Biden ɗan ɗariƙarsu ne. Koyarwar cocin ba ta dace da jam'iyya guda ba: tana adawa da zubar da ciki, tana kuma kare baƙin haure da matalauta.

Tasiri a ƙetare

Matsin lambar ƙungiyoyin addini, ciki har da 'yan Ibanjelika, ya taimaka wajen samar da dokar 'yancin addini a duniya ta 1998. A ƙarƙashinta ne Amurka ta sanya Najeriya cikin jerin ƙasashen da take nuna damuwa ta musamman a kansu a Disamban 2020, ta cire ta a Nuwamban 2021, sannan Shugaba Trump ya sanar da mayar da ita a ƙarshen Oktoban 2025. Gwamnatin Najeriya ta musanta zargin cewa ana tauye wa Kiristoci 'yancin addini, tana mai cewa matsalar tsaro ta shafi Musulmi da Kirista baki ɗaya.