Cin ruwa a yatsun ƙafa: alamominsa, maganinsa da yadda za ka yi alwala

Tambaya:

Wata biyu ke nan tsakanin yatsun ƙafata ya yi fari yana tsagewa, ga ƙaiƙayi, ga zogi duk lokacin da na yi alwala. Wani ya ce in daina wanke ƙafa in koma taimama, wani kuma ya ce goge ƙafa bayan alwala yana rage lada. Wane ciwo ne wannan, kuma yaya zan yi?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Muna roƙon Allah Ya ba ka lafiya.

Na farko: abin da ka siffanta ya yi kama da cin ruwa. Ƙwayar cuta ce dangin wadda ke kawo makero, tana rayuwa a fatar da ke da laima da ɗumi. Yawanci tana farawa tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi: fata ta yi fari ta jiƙe, ta riƙa saɓulewa, sannan ta tsage, wani lokaci har da wari. Ana ɗaukarta a daɓen banɗaki da wuraren alwala na jama'a, ko ta hanyar aron silifas, safa da tawul. Idan ka bar ta, tana iya kama farce ko ta koma matsematsi.

Na biyu: maganinta na shafawa ne, kuma ana samunsa a kemis. Terbinafine ana shafa shi mako 1 zuwa 2, clotrimazole ko miconazole kuwa sau biyu a rana har kusan mako 4. Kada ka daina don ƙaiƙayi ya lafa, domin ƙwayar na nan, za ta dawo. Ka guji man da ke ɗauke da sitiroyid, irin wanda ake sa wa a mayukan bilicin, yana kwantar da ƙaiƙayi amma yana ƙara wa cutar ƙarfi. Ka riƙa canza safa kullum, ka shanya takalmi a rana.

Ka je asibiti ba tare da jinkiri ba idan kana da ciwon suga, ko ƙafar ta kumbura ta yi ja da zafi, ko tana fitar da mugunya, ko ka kammala magani ba sauƙi.

Na uku: ba alwala ce ke kawo cutar ba, ruwan da ake bari tsakanin yatsu sannan a cusa ƙafa cikin safa shi ne ke rayar da ita. Goge gaɓoɓi bayan alwala halal ne a wurin mafi yawan malamai, ciki har da Malikiyya, kuma ba ya ɓata alwala. Don haka ka tanadi ƙyalle naka kai kaɗai, ka busar da tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ka shafa magani. Man da fata ta shanye ba ya hana ruwa isa gare ta a alwala ta gaba.

Na huɗu: ba a komawa taimama matuƙar kana iya wanke ƙafar ba tare da cutuwa ba, kuma mafi yawan masu cin ruwa suna iyawa. Idan tsagewar ta yi zurfi har likita ya hana ruwa taɓa wurin, ka wanke inda ke da lafiya, ka yi shafa a kan ciwon, ko a kan bandejin da aka ɗaure shi da shi. Taimama tana zuwa ne bayan wanki da shafa duka sun gagara.

Sannan ka sa takalminka na kanka a wurin alwala na masallaci, domin kada ka shafa wa ɗan'uwanka.

Allah ne Mafi sani.