Dakarun Pararescue na Sojan Saman Amurka

Pararescue rukuni ne na musamman a rundunar sojan saman Amurka, mai aikin ceto matuƙa jirgi da sojojin da suka jikkata ko suka maƙale a yankin abokan gaba. Asalinsa yana komawa watan Agusta na 1943, lokacin da likitan soja Don Flickinger da ma'aikatan jinya biyu suka dira da laima cikin dajin Burma domin kula da mutanen wani jirgi da ya faɗi.

Horon yakan ɗauki kusan shekara biyu, kuma mafi yawan masu shiga ba sa kai ƙarshensa. Ana farawa a sansanin Lackland da ke Texas, daga nan a koyi ninƙaya a ƙarƙashin ruwa da dira da laima, sannan aikin jinyar gaggawa a Kirtland, jihar New Mexico. Ranar yaye ɗalibai ake ba su jar hula mai duhu, alamar rukunin tun 1966.

Ba yaƙi kaɗai ke fito da su ba: suna ceto a teku, kan duwatsu da lokacin ambaliya, galibi da jirgi mai saukar ungulu samfurin HH-60. Su ne suka tarbi 'yan sama jannati Neil Armstrong da David Scott a tekun Pasifik bayan saukar kumbon Gemini 8 a 1966.