Bam ɗin Nukiliya a Talabijin: Waɗanda Kyamara Ta Tsallake

Da asubahin 16 ga Yuli 1945 aka tayar da bam ɗin nukiliya na farko a hamadar New Mexico ta Amurka. Mako uku bayan nan aka jefa wani a Hiroshima, sannan Nagasaki. Tun da talabijin ta yi ƙarfi, masu shirya wasan kwaikwayo ba su daina komawa kan wannan labari ba.

A 1980 BBC ta fitar da shirin Oppenheimer mai kashi bakwai, inda Sam Waterston ya fito a matsayin masanin da ya shugabanci ɗakin binciken Los Alamos, wanda a 1954 gwamnati ta janye masa izinin sanin sirrinta. A 1989 tashar CBS ta nuna Day One, wanda ya ba Leo Szilard muhimmanci, mutumin da ya tattara sa hannun masana 70 suna roƙon Shugaba Truman kada ya yi amfani da makamin kafin a ba Japan damar miƙa wuya. Shirin Manhattan na 2014 kuwa, yawancin jarumansa ƙirƙirarru ne.

Abin da ya haɗa su shi ne zuciyar masani: dare ya yi, barci ya ƙi zuwa, yana tuhumar kansa. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Mafi yawan yuraniyom ɗin da aka fara aikin da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango ya fito, lokacin tana hannun Beljiyam. A 1940 Edgar Sengier ya kai kimanin tan 1,200 na ma'adinin zuwa New York. Leburorin da suka haƙo shi ba tare da kariyar kirki ba, da wuya ka ga fuskarsu a allo. Haka mazauna karkarar da ƙurar gwajin farko ta sauka a kansu ba tare da an gargaɗe su ba.

Mutumin Arlit, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971, ba ya bukatar a fassara masa wannan giɓi. Talabijin ce ke koya wa miliyoyi tarihi fiye da littafi, kuma wanda ba ta nuna ba, sannu a hankali sai a ɗauka bai taɓa wanzuwa ba. Labarin bam ba a ɗakin bincike ya fara ba. A ramin haƙa ya fara.