Mai Yankar Kati: Tarihin Horar da Ma'aikatan Bayanan Lafiya a Gana da Matsayin Zangon Kumasi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya je asibitin gwamnati a Kumasi, kafin ya ga likita sai ya fara tsayawa a gaban wata taga inda ake yankar kati. Ma'aikacin da ke wurin shi ne zai tambayi suna da shekaru da unguwa, ya rubuta. A da akawu ake ce masa, ko mai kati. Yanzu kuwa hukuma na kiransa jami'in bayanan lafiya, kuma kwamfuta ce a gabansa maimakon tulin fayil. Wannan takarda za ta bi tarihin yadda gwamnati a ƙasar Gana ta riƙa zuba kuɗi, wani lokaci kuma ta janye hannu, wajen horar da irin wannan ma'aikaci. An zaɓi a dubi al'amarin daga Zangon Kumasi ne domin mutanen zango sun daɗe da sanin cewa abin da aka rubuta a kansu a littafin hukuma yana iya jawo a rushe musu gida, yana kuma iya sa a ba su magani.

2.0 Annoba da ƙidaya a zamanin Turawa

Fataucin goro ne ya fara kai Hausawa ƙasar Gwanja, musamman kasuwar Salaga. Bayan da Ingilishi suka kama Asantehene Prempeh na ɗaya a 1896, suka kuma murƙushe yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, sai ƙofar Kumasi ta buɗe wa baƙi. Hausawa da Mosawa da Dagomba da Wangarawa da Yarabawa suka kafa zango ba nisa da Adum, inda kantunan Turawa suke, Hausa kuma ta zama harshen da ya haɗa su.

Malaman zango ba su jahilci rubuta labarin cuta ba. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, ya yi waƙa da Larabci mai suna Tunkuyau a kan murar da ta mamaye duniya a 1918, inda ya siffanta yadda ciwon ke kama mutum. To amma irin wannan rubutu bai shiga lissafin hukuma ba. Abin da hukuma ta sani shi ne rahoton likitan Turawa da na duba-gari, wanda mutanen Gana suka laƙaba wa suna samansaman saboda yawan sammacin da yake yanka wa masu gida.

A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa Kumasi, ta kuma yi ɓarna a zango. Aka ƙidaya waɗanda suka kamu da waɗanda suka mutu, aka rushe gidaje a tsohon zango, aka gina sabo aka mayar da mutane can. A 1925 aka kafa Hukumar Lafiyar Jama'a ta Kumasi. Abin lura a nan shi ne, haɗuwar farko da mutumin zango ya yi da ƙididdigar lafiya haɗuwa ce ta wanda ake ƙirgawa, ba ta mai ƙirga ba. Mai riƙe da alƙalami ɗan makarantar mishan ne daga kudu, yawancin iyayen zango kuwa ba su yarda su kai 'ya'yansu makarantar mishan ba.

3.0 Kintampo

Garin Kintampo yana kan hanyar Kumasi zuwa Tamale, kuma Hausawa sun san shi tun ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da cinikin goro ya karkata can bayan raunin Salaga. A wannan gari ne aka ajiye hedkwatar rundunonin lafiya na tafi-da-gidanka, waɗanda ke bi ƙauye-ƙauye suna neman masu ciwon barci da sauran cututtuka masu yaɗuwa. Ma'aikatansu ba likitoci ba ne. Samari ne da aka koya wa aiki ƙwaya ɗaya ko biyu: duba jini a madubin likita, yin allura, da cika rajista. A ganina daga nan ne ya kamata a fara tarihin jami'in bayanan lafiya a Gana, domin a wurinsu ne rubutu ya zama rabin aikin magani.

A 1969 Ma'aikatar Lafiya ta buɗe Makarantar Horar da Ma'aikatan Lafiyar Karkara a Kintampo. Ita ce ta bunƙasa ta zama kwalejin lafiya, kuma cikin fannonin da take koyarwa akwai sarrafa bayanan lafiya. Sai dai shekarar 1969 tana da wata ma'ana daban a kunnen ɗan zango. A watan Nuwamba na shekarar ne gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasa. Dubban ɗaruruwan mutane suka fita, cikinsu har da waɗanda a Gana aka haife su. Wanda ya ga haka da idonsa, ba abin mamaki ba ne idan ya riƙa ɗari-ɗari da duk mai tambayar "daga ina kake?" da biro a hannu, ko da a asibiti ne.

4.0 Inshora ta ɗaga darajar akawu

Daga 1985 aka tsananta karɓar kuɗi a asibitocin gwamnati, har aka kai ga tsarin nan na biya-kafin-magani. A irin wannan tsari rasit ya fi fayil muhimmanci. Al'amarin ya sauya a 2003, lokacin da gwamnatin John Kufuor ta kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ake ciyar da ita da harajin kashi 2.5 cikin ɗari a kan kayayyaki da ayyuka. Tun da yanzu hukumar inshora ce ke biyan asibiti, dole asibiti ya aika mata da takardar neman biya mai ɗauke da lambar majiyyaci, da sunan ciwo cikin lambobin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, da maganin da aka bayar. In aka yi kuskure, sai a ƙi biya ko a zaftare kuɗin. Nan take mai kati, wanda a da ake ajiye shi a ɗaki mai ƙura a bayan asibiti, ya zama mutumin da kuɗin shigar asibiti ya rataya a wuyansa. Haka abin yake a babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda aka gina a 1954, haka kuma a asibitin Manhyia da mutanen unguwannin zango ke yawan zuwa.

A 2012 Hukumar Lafiya ta Gana ta fara aiki da DHIMS2, wato tsarin tattara alƙaluman gundumomi ta intanet, wanda aka gina a kan manhajar DHIS2 ta Jami'ar Oslo da ke Norwe. A 2013 aka yi dokar da ta kafa majalisar da ke yi wa ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ko nas-nas ba rajista, jami'an bayanan lafiya na cikinsu. Jami'o'i ma suka shigo: ta Cape Coast tana ba da digirin farko a fannin, ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi kuma tana da digiri na biyu.

5.0 Alawus, ɗaukar aiki da kwangila

Hanya mafi bayyana da gwamnati ke bi wajen ɗaukar nauyin horarwa ita ce alawus na wata-wata ga ɗaliban makarantun lafiya na gwamnati. A mulkin John Mahama na farko aka dakatar da shi, bisa hujjar cewa alawus ne ke tilasta a ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka, gara a sake su su nemi rancen karatu. Batun ya zama abin yaƙin neman zaɓe a 2016, kuma a 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta dawo da shi a kan sidi 400 a wata. Kowane ɓangare na da abin faɗa. Amma ga ɗan mai sayar da goro ko 'yar mai koko a Aboabo, sidi 400 na iya zama bambanci tsakanin gama karatu da komawa gida, balle ma da yake biyan kan yi jinkiri na watanni.

Matsalar da ta fi wannan ita ce ta bayan kammalawa. Ba a ɗaukar ma'aikacin lafiya aikin gwamnati sai Ma'aikatar Kuɗi ta sa hannu cewa akwai albashinsa, kuma ɗalibai kan yi shekaru a gida suna jiran wannan sa hannu. Wato gwamnati ta biya kuɗin horar da mutum, sannan ta bar shi yana sayar da katin waya, alhali a asibitin gunduma nas ce ke cika rajista da daddare bayan ta gama aikinta.

Kuɗi mai kauri kan tafi ne wajen na'ura. A 2025 ministan lafiya Kwabena Mintah Akandoh ya bayyana cewa kwangilar manhajar LHIMS, wadda aka ƙulla a 2019 a kan dala miliyan 100 don haɗa asibitoci 950, ta tsaya a 450 kawai. Kamfanin ya musanta laifi. Ana cikin taƙaddamar manhajar ta daina aiki, asibitoci da dama, har da na jihar Asante, suka koma takarda da biro, gwamnati kuma ta sanar da wani sabon tsari mai suna GHIMS. Waɗanda suka riƙe asibitocin a makonnin nan su ne waɗanda suka iya aikin fayil tun asali. Ko a Amurka, dokar 2009 da ta ware biliyoyin daloli don asibitoci su koma fayil na kwamfuta, abin da ta ba horar da ma'aikata bai wuce dala miliyan ɗari da 'yan kai ba, kuma da yawa daga kwasa-kwasan na wata shida ne.

6.0 Suna

Akwai wani ɓangare da ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye. Kwamfuta ba ta san cewa Abubakar da Abubakari da Bukari mutum ɗaya ne ba. Ba ta san Muhammadu shi ne Mohammed kuma shi ne Mahama ba, ko Sa'idu da Seidu, ko Husaini da Fuseini, ko Isiyaku da Issaka. Bugu da ƙari, tsohuwa a zango na iya ƙin ambaton sunan mijinta ko na ɗanta na fari saboda alkunya, ta ba da laƙabi irin su Baba ko Maikano. Shekarun haihuwa kuwa sai a ce "shekarar da aka kori baƙi". Ma'aikacin da ba ya jin Hausa zai rubuta abin da kunnensa ya ba shi. Gobe idan wani ma'aikaci ya nema bai samu ba, sai ya buɗe sabon fayil, tarihin hawan jinin mutum ya rabu gida biyu ko uku. Haɗa katin inshora da katin ɗan ƙasa ya rage wannan, amma ga wanda ya samu katin ne kawai, kuma a zango an sha kokawa cewa ana tsananta wa masu sunan Musulmi tambayar asali kafin a ba su.

Ƙofar boko ta ƙara buɗuwa ga 'yan zango tun da aka kafa sashen ilimin Musulunci a Hukumar Ilimi ta Gana a 1987, aka kuma mayar da babbar sakandare kyauta a 2017. A shekarar 2017 ɗin ne majalisa ta zartar da dokar Asusun Raya Zango, wanda ilimi da koyar da sana'a ke cikin ayyukansa. Idan ana neman inda kuɗin irin wannan asusu zai yi amfani biyu a lokaci ɗaya, to gurbin karatu ne ga yaran Asawase da Aboabo da Sabon Zango su je Kintampo su karanci bayanan lafiya, tare da alkawarin a turo su asibitocin da iyayensu ke zuwa. Yaron da ya tashi yana jin Hausa da Twi da Turanci, ya kuma san harufan Larabci daga makarantar allo, ba sai an koya masa cewa Bukari shi ne Abubakar ba.